Yadda Makin Inna Ya Koma Kan Wata Amarya

Rajistar ajinmu na Islamiyyar matan aure a garinmu Fulatan a hannuna take, domin ni kaɗai ce a cikinmu na gama sakandare. Yadda muke zama a kan tabarma haka na jera sunayen: tsofaffi a sama, sai masu bi musu, amare can ƙasa. Hannuna ba zai iya ɗora sunan yarinyar da aka kawo bara a kan na wadda ta yi jika da ita ba. Sunan farko na wata tsohuwa ne da muke kira Inna, mai tallar nono, wadda take takowa daga ruga sau uku a mako. Sai da furfura ta game mata kai ta fara koyon baƙi, amma kafin shekara uku babu wadda ta kamo ta a hadda.

Wajen ƙarshen shekarun casa'in, ina ɗauke da cikin ɗana na uku, ƙanin mijina ya dawo daga Kano da takardar kwas ɗin kwamfuta na wata shida, kwamitin makaranta ya naɗa shi sakatare. Da muka gama jarrabawa ya karɓi littafina, ya ce bana da inji za a fitar da sakamako. Ya tafi Karaye ya yi hayar kwamfuta a wani shagon buga takardu, ya dawo da takarda fara fat mai gida-gida.

Ranar walima shi ya karanta ta a lasifika, maza a waje suna ji. Wadda ta zo ta ɗaya amarya ce da ko ƙananan surori sai an ja ta. Inna kuwa tana cikin masu maimaita aji. Ina kallonta, ta saurara har ƙarshe tana murmushi, tana jiran a ce an yi kuskure. Da aka fara rabon shinkafa ta tashi ta fita. Bayan kwana biyu muka ji cewa babban ɗanta, wanda yake cikin mazan waje ranar, ya ce ta zauna gida haka nan, dariyar da ake yi masa a kasuwa ta ishe shi.

Na kai wa sakatare littafina yana cin tuwo a zauren mijina. Ko buɗewa bai yi ba.

"Matar yaya, hannu ne yake son kai, inji bai san kowa ba. Ko dai kindirmon da ake sauke miki ne ya hau takarda?"

Mijina ya yi dariya. Kwamiti ma da maganar ta je musu, suka ce abin da inji ya fitar shi ke nan. Ni ba mai riƙo ba ce, ko kaza aka yanka sai na kau da kai, amma wannan maganar ta zauna mini a ƙirji. Ina roƙon Allah ya sanyaya mini zuciya, ina kuma ji a raina ban shirya ta sanyaya ba tukuna.

Mai aiki a shagon nan na Karaye ƙawata ce, ɗakin kwananmu ɗaya a makaranta. Duk ranar da na je awo sai in biya wajenta, da sanin maigidana, wanda ya ɗauka hira nake zuwa. Ta tayar da janareto ta buɗe mini abin da ake kira jadawali. Fuskar kwamfutar ta cika da gidaje kamar na dara, haruffa a jere a sama, lambobi a gefe suna gangarowa. Ta ce kowane gida da sunansa, harafin samansa da lambar gefensa, don haka in ta ce B4 gida ɗaya tak take nufi. Layin tsaye na abu iri ɗaya ne: sunaye a A, makin hadda a B, hadisi a C, fiƙihu a D. Layin kwance kuma mutum ɗaya ne da duk abin da ya samu.

Ranar farko linzamin kwamfutar, ɗan abin da ake turawa da hannu a kan tebur, shi ne ya wahalar da ni, in tura shi hagu kibiyar ta ɓace mini. Zuwa na biyu ta koya mini tarawa. Sai ka fara buga alamar daidai, sannan ka kira gidajen da sunansu, B2+C2+D2, jimla ta fito da kanta. Na canza lamba ɗaya don gwaji, jimlar ta canza kafin in ɗauke yatsa. Na yi tasbihi. Amma raina ya ɓaci, domin in haka abin yake lissafi, to ta ina ya cuci Inna?

A zuwa na uku ta nuna mini jerawa. Ta ce in kana son sunaye su bi abacada, sai ka lulluɓe dukkan gidajen, sunaye da maki gaba ɗaya, kafin ka ba da umarni, don kowace mace ta tashi da kayanta. Na tambaye ta, in mutum ya lulluɓe sunaye kaɗai fa? Ta gwada mini. Sunayen suka yi tsalle suka sake wuri, lambobin suna nan daram inda suke. Tamkar mata sun tashi sun sake wurin zama sun bar littattafansu, kowacce ta ɗauki wanda ta tarar.

Na zaro takardar sakatare da littafina. Na rufe sunayen da gefen mayafi na bi lambobin kaɗai. Daga sama har ƙasa, jerin littafina ne, ko ɗaya bai motsa ba. Ashe ganin sunayen ba a kan abacada ba ne ya ɗauka ƙauyanci ne, ya gyara mini. Makin Inna na layin farko ya zauna, amaryar da harafinta ya zo farko ta hau kai.

Ƙawata ta ce in kira shi gefe in nuna masa, zai gyara ba wanda ya ji. Na ce mata to. Sati biyu ya rage kwamiti ya zauna, sati biyun nan kullum yana cin tuwona, ina ƙara masa man shanu, ina tambayarsa ya aiki.

Ranar zaman, bayan la'asar, na tsaya a bakin ƙofar aji cikin hijabi na nemi izinin magana. Na fara da roƙon sakatare ya yi wa dattawa bayani, ko inji yana iya ba wata makin wata. Ya gyara hula ya yi bayani mai tsawo, har da Turanci, ya ce ba ya yiwuwa. Na bar shi ya gama. Sannan na miƙa wa shugaban kwamiti, wani malami dattijo, littafina, na miƙa wa na kusa da shi takardar inji, na roƙi su rufe sunaye su karanta lambobi layi-layi, wannan ya faɗa wancan ya faɗa. A layi na biyar kowa ya ji lambobin iri ɗaya ne. Malam ya rufe littafin ya ce an gane. Na ce masa:

"Allah gafarta malam, a ƙarasa. Ranar nan ma har ƙarshe aka karanta."

Suka ƙarasa. Na yi musu bayanin layin tsaye da na kwance, da abin da sakatare ya lulluɓe da wanda ya bari. Ya ce mai yiwuwa wuta ce ta ɗauke yana tsakiyar aiki. Na ce wutar da ta iya jera sunaye a kan abacada ai ita ya kamata a ba sakatare. Wani dattijo ya yi tari ya sunkuyar da kai.

Malam ya tambaye ni yadda nake ganin za a gyara. Na ce a sake karantawa a lasifika, kuma wanda ya karanta na farko shi zai kai takardar gaskiya ruga ya karanta a gaban ɗan Inna. Damina ce, babur ba ya ƙetare rafin, da ƙafa ya je. Mijina ya yi kwana uku ba ya amsa mini komai sai sallama.

Asabar ta gaba Inna ta shigo aji ta zauna a gaba. Da muka gaisa ta ce wani yaro ya zo musu wando duk taɓo, ya karanta takarda, ya ba ta tausayi har ta dama masa fura. Ta tambaye ni ko na san abin da ya same shi. Na ce mata ta buɗe inda muka tsaya, in ji ko ta manta. Ba ta manta ba.

Na yi istigfari a kan sati biyun nan da man shanun, domin na san da gayya na yi. Karantawa har ƙarshe kuwa, na sha ɗaga hannu zan nemi gafara a kanta, sai in tarar har yau ban yi nadama ba.