Am Shadli da Karkataccen Shingen Wansa

Duk wanda ke fita masallaci da asuba a Burj Ramla ya san ƙarar injin Am Shadli, wato Baffa Shadli a bakin mutanenmu. Tsohon inji ne mai tari, sai an ja igiyarsa sau huɗu, a na biyar ya amsa a fusace. Da an sallame salla zai dangwali man zaitun da yaji da rabin burodinsa, ya cusa butar shayi ƙarƙashin benci, ya nufi gabas. A can ganguna takwas masu ruwan ɗorawa ke shawagi, su ne iyakar hurumin tekunmu, inda ba a jefa taru, ba a saka fatsa, ba a kafa shinge. Ɗaya bayan ɗaya yake zaga su, ya taɓa igiyar kowacce, ya leƙa ƙasan ruwa ta bokitinsa mai gindin gilashi. Shekara goma sha tara yana wannan. Ranar Alhamis ɗin nan ya ajiye aiki, kuma tun ranar bakina ya ƙi rufuwa don murna, saboda haka ku yi haƙuri ku bar ni in amayar da abin da ke cikina.

Masu sauke kwanduna shaƙe da kifi a yau, da yawansu ba su san wuyar da muka sha ba. An yi shekarun da manyan jirage masu jan taru ta ƙasan ruwa suka aske mana ciyawar teku ƙwal. Mutum zai buɗe gura goma ya tarar da abin da ko kyanwa ba za ta ɗaga kai ta duba ba. Da masana suka zo daga birnin Safakis suka ce magani ɗaya ne, a killace wurin da kifi ke zuba ƙwai a bar shi ya huta, kowa a shagon shayin Lutfi ya gyaɗa kai. Aka shimfiɗa taswira, yatsa ya sauka a wuri guda, sai kowa ya saki ajiyar zuciya ban da mutum biyu. Gonar ruwan marigayi Rayis Bulbaba ce, wadda 'ya'yansa suka gada ba a raba ba, Munji babba da Shadli ƙaninsa.

Gonar ruwa a wurinmu da takardarta ake gadonta. A cikin wannan gonar kakansu ya kafa shingen rassan dabino, irin wanda ke kora kifi a hankali har ya faɗa gura, a cikinta ubansu ya tsufa. Kowa a shagon na jiran babba ya yi magana. Sai Shadli ya miƙe zumbur, jini na tafasa, ya ce, "Mun bayar."

A nan ya yi kuskuren da ya bi shi har furfura. Gaskiya ya faɗa, amma ƙani ba ya riga wansa magana a kan gado, balle a gaban mutane. Munji kuwa ba zai ƙaryata shi ba, don gida ɗaya ba ya magana da baki biyu a bainar jama'a. Ya ajiye kofin shayinsa a hankali, ya sa hannu a takarda, sannan ya ce, "Tunda ka yi girman da za ka kyautar da gonar ubanmu ina zaune, to, ka je ka nemi wani wan." Ya tattara ya koma wata 'yar gona da ya samu ta wajen uwarsu, yashi ce zalla, a manne da iyakar hurumin.

Da aka nemi mai gadi, babu wanda ya so aikin, Shadli ya karɓa. Sai gari ya juya masa baya. Aka laƙaba masa ɗan sandan kifi. In kaka ta yi aka sassabe dabino, kowane gida na kiran gayya a sabunta shinge, mata su dafa kuskus da karnit, dabbar tekun nan mai hannu takwas, a ci a yi ta ba'a. Shekara biyu cur babu gidan da ya kira shi. Wannan bai dame shi sosai ba. Abin da ke ci masa rai shi ne wansa, wanda ko a sahun salla suka haɗu sai ya canja wuri. Ya taɓa ce mini, "Malam, ba na tsoron teku. Tsorona ɗaya, a ɗauki ɗayanmu zuwa maƙabarta ba mu yi magana ba."

Amma fa bai sassauta wa kowa ba. Ku tambayi Lutfi labarin likitan nan na birni, mai zuwa shaƙatawa ran Lahadi da bindigar mashi da takalmin iyo mai kama da ƙafar kwaɗo. Lutfi na cikin jirgin Am Shadli ranar. Suka tarar da likita tsakiyar hurumi yana fakon wani ƙaton kifin mannani a bakin raminsa. Da ya ɗago kai ya ga tsoho na yi masa alamar ya fito, sai ya ce, "Kai, ka san da wa kake magana?"

"Na sani mana, likita," in ji Am Shadli. "Kai ka cire wa mai ɗakina tsakuwa a ƙoda, Allah ya saka da alheri. Yanzu kuma cire mini mashin nan daga ruwa."

"Kifi ɗaya ne fa, Am Shadli. Wasa na zo yi, ba sana'a ba."

"Ku ɗari ne masu wasan, kowa da kifinsa ɗaya. Wannan da kake so ka soke ya girmi motarka."

Likita ya hau jirgi yana dariyar yaƙe. Yau shi ne ke kawo abokansa duk wata, su ɗauki hayar jiragen 'yan gari a kai su bayan ganguna su yi ta fatsa har rana ta yi, gidaje huɗu na ci daga wannan kaɗai.

Na babban jirgin kuwa, rabin gari ne shaida, don da rana tsaka aka yi. Wani jirgin jan taru ya danno kai cikin hurumi ba ko kunya. Am Shadli ya gitta masa ɗan kwale-kwalensa, ya kashe inji, ya zaro buta ya tsiyaya shayi. Mai jirgin ya leƙo daga sama yana kumfar baki: "Tsoho, matsa ko in bi ta kanka."

"Bismilla," in ji shi. "Amma bari in shanye, shayin da tsada."

Mata masu wankin ulu a bakin ruwa suka hango, suka ruga cikin gari. Kafin kofin ya ƙare jirage bakwai sun fito, mutanen da jiya ke kiransa ɗan sandan kifi, suka jeru a bayansa. Babban jirgi ya juya. Kai ne ka koya mana a ranar, Am Shadli, cewa tekun nan tana da masu ita. Namijin duniya, wanda ko iyo na kirki bai iya ba!

Sai dai jarabawar da ta fi ta jirgi daga cikin gida ta zo. A kaka ta uku, da ya leƙa ta bokitinsa, ya ga shingen Munji ya karkato ya shigo hurumi da taki ashirin. Labari ya riga shi isa gari. In ya kai ƙara, hukuma za ta ƙwace jirgin wansa, zumunci ya mutu murus. In ya kau da kai, kafin mako kowa ya turo nasa shingen, hurumi ya zama tarihi. Lutfi, da bakinsa ba ya shiru, ya ce masa, "Yau dai za mu ga ko doka ta san ɗan'uwa."

Washegari Am Shadli ya tuɓe riga ya shiga ruwa iya ƙirji, ya riƙa tuge rassan nan ɗaya ɗaya. Muka ce to, yau ake yin ta. Ashe ba zubarwa zai yi ba. Duk reshen da ya tuge sai ya ja shi baya ya sake kafa shi a kan layi, a miƙe, ya fi yadda ya tarar kyau. Reshe ɗari huɗu, aikin mutum goma, shi kaɗai ya yi shi cikin kwana uku, ga sanyi na shiga ƙashi. Munji na tsaye a bakin ruwa, hannu a baya, yana kallo daga farko har ƙarshe.

Da wata kakar ta zagayo, shinge ya sake shigowa taki ashirin. Am Shadli ya sake tuɓe riga. Haka ta gaba, haka ta gaba da ita.

Ana cikin wannan ne Allah ya buɗe ƙofa. Wajen shekara ta shida ciyawa ta tofo, ta yi duhu. Kifi ya hayayyafa har hurumi ya yi masa kaɗan, ya riƙa malalowa waje. Jama'a, mun ga abin da muka cire rai da gani! Kifin buri garke-garke, karnit kamar cinyar ƙato, mannani irin wanda sai a bakin tsofaffi muke jin labarinsa. Waɗanda suka sayar da jirage suka tafi leburanci a birni suka fara dawowa. Ba zan ce kowa ya ji daɗi ba, don masu manyan jirage har gobe suna tsine mana, sai sun ƙona mai zuwa nesa kafin su jefa taru. Amma a Burj Ramla tukwane sun koma kan wuta. Kuma gonar wa ta fi kowacce kifi? 'Yar gonar yashin nan ta Munji, da ke bakin ƙofar hurumi.

Abin da ya ɗaure mana kai ke nan. Mutumin da gurarsa ke cika har ta gagari ɗagawa, me zai yi da taki ashirin na sata? Amma duk kaka sai shinge ya karkato. Muka ce taurin kai ne irin na gidan Bulbaba. Muka ce wa Am Shadli ya kai ƙara ya huta, gwiwoyinsa sun fara kumbura, tari ya kama ƙirjinsa. Ya ce, "Yayana ne. Shi ya kafa, ni in gyara." Ruwan sanyin nan ne ya cinye masa gwiwa, shi ne kuma dalilin ajiye aikinsa.

Ranar Alhamis aka taru a rumfar gwanjon kifi don sallamarsa. Aka yi jawabai, aka miƙa masa allon yabo, aka gabatar da Dalila, wadda ta karanto ilmin teku, ita ce za ta gaje shi. Shi kuwa idonsa na can baya, inda Munji ke zaune da sandarsa, shekara saba'in da huɗu, fuska a murtuke. Ana shirin addu'a sai Munji ya dogara sanda ya miƙe. Bai kalli ƙaninsa ba, Dalila ya kalla.

"'Yata, bana kada ki wahalar da kanki. Shingena a kan layi zai tsaya."

"Madalla, Rayis," in ji ta, don haka ake kiran babban mai jirgi a wurinmu. "Me ya canja?"

Kafin ya haɗa amsa, matarsa Naziha ta cafe daga ɓangaren mata. "Ni zan gaya miki, tunda shi bakinsa ya yi nauyi. Na farko da na biyu dai don fushi ya yi. Sauran kuwa, duk shekara ina ce masa, Rayis, ka ji tsoron Allah, za ka kashe bawan Allahn nan da sanyi. Sai ya ce mini, in na kafa daidai, me zai kawo shi gonata?"

Rumfa ta kwashe da dariya, wasu na dariya suna share ido. Munji ya ce, "Ke wa ya sako bakinki?" Sannan ya juya, karo na farko cikin shekara goma sha tara, ya dubi ƙaninsa ido cikin ido. "Asabar akwai gayya a gonata. Ka zo da wuri. Ba za ka shiga ruwa ba, a jirgi za ka zauna ka nuna mana layi."

Am Shadli, wanda babban jirgi bai sa ya ƙifta ido ba, ya sunkuyar da kai. Da ƙyar ya ce, "To, Yaya."

Mun gode, Am Shadli. Kai ne ka ba da gadonka don 'ya'yan wasu su ci, kai ne ka tsare doka ba ka tozarta ɗan'uwa ba, abin da da yawanmu ko ɗaya daga ciki ba ma iyawa. Allah ya ba gwiwoyin nan lafiya, ya sa ka ci moriyar tekun da ka raya. Ku kuma masu tasowa, da ku masu zuwa mana hutu da sandar fatsa, in kun ga gangunan nan ku tsaya a bayansu ba sai an kore ku ba. In an ba ɗayanku amanar abin jama'a, ya riƙe ta kamar yadda tsohon nan ya riƙe.

Da aka watse, tare suka kama hanyar gida, tsofaffi biyu, kowa na ɗingishi da nasa salon. Lutfi na biye da su da kunne a buɗe, shi ya kawo mini ƙarshen. Ya ce sun yi tafiya mai ɗan nisa, sannan Am Shadli ya ce, "Yaya, da aike kawai ka yi mini, da gwiwoyina suna nan."

Munji ya tsaya, ya jingina da sandarsa.

"Kai ma da ka jira ni na ajiye kofin shayin nan a shagon Lutfi," in ji shi, "abin da ka faɗa shi zan faɗa."