Tsaga uku a cikin keken Bintu

Da hantsi Malam Abdussalamu yake shimfiɗa buhunsa a bakin kasuwar Tasawa, ya jera sukuddireba da magagari da kwalbar mai, ya zauna jiran kekunan ɗinki. Shekara arba'in ke nan. A shafe tsohon keke da fenti, a manna masa sabon tambari, shi dai juya ƙafar kawai zai yi ya saurara, ya faɗa maka shekarunsa. Yanzu kuwa yanar ido ta rufe masa gani, abin da ke damunmu ke nan.

Bara aka sace keken Bintu, wata bazawara daga Gidan Amumune, wadda da shi take ciyar da 'ya'ya huɗu. Bayan wata biyu ta hango mai kama da shi a kasuwar Mayahi, an yi masa fenti, an goge lambar. Mai sayarwa ya rantse sabo ne dal. Sarkin kasuwa ya ce in ba shaida kafin la'asar, keke na mai sayarwa ne. Bintu ta hau kabu-kabu ta ɗauko Malam.

Da ya laluba bai sami kan keken ba sai da aka kama hannunsa. Wani ma ya yi dariya.

"Baba, kana ko gani?" in ji Bintu.

"Ɗiyata, mi zan yi da gani? Ku kifa mani shi."

Kafin ya taɓa cikinsa ya ce, "In nata ne, akwai tsaga uku bayan mazaunin kwarkwaron zare. Duk keken da na gyara sai na tsaga shi da magagari. Ta farko shekarar fari na yi ta, uwarta ta kawo shi."

Sarkin kasuwa ya zura yatsa ya daɗe yana shafawa. Sannan ya ce, "Uku ne." Aka ba Bintu kekenta.

Malam, kai ne ka tsaya wa wadda ba ta da kowa. Mun gode, Allah ya saka. Amma tsoro muke ji, don kekuna masu tsagarka sun cika ƙauyuka, kuma kai kaɗai ka san labarin kowace. Masu gyara, ku je ku zauna kusa da shi tun yana iya faɗa.

Bintu dai ba ta tafi ba sai da ta miƙa masa magagari ya yi ta huɗu.