Tsatsar da Ta Riƙe Muryar Mairo

A layin masu gyara na kasuwar Birnin Gwari, rumfar Audi mai rediyo ce ta ƙarshe, daidai inda kwata ta lanƙwasa. Shekara arba'in yana wurin. A da, ranar kasuwa, mutanen Randagi da Kuyello kan jibge masa rediyoyi kamar buhunan masara, Fulani kuma su zo da rikoda a naɗe cikin zani. Yanzu kowa waya ce a hannunsa, hanyoyin dajin ma ba kullum ake bin su ba. Sai ya wuni yana kallon inuwa tana zagaya benci.

Audi ba mai yawan magana ba ne, amma yana da karatu ɗaya da yake yi wa duk wanda ya kawo matacciyar rediyo. Yakan ce ba mutuwa ta yi ba. Wata 'yar fatar tsatsa ce take kwanciya a kan ƙarfe, iska da laima ke kawo ta, siririya har wani lokaci ido ba ya ganin ta, amma ta isa ta tare wa wuta hanya. Sai ya ɗauki reza ya kankare mazaunin batir har ƙarfen ya yi fari, rediyo ta yi tari ta kama magana. Yana kuma da wata dabara ta masu sana'ar: yakan manna sukundirebobinsa a jikin maganaɗisun wata tsohuwar lasifika, don bakinsu ya riƙa ɗauko masa ƙananan kusoshin da yatsa ba ya kamawa.

A cikin gwangwanin da yake ajiye reza akwai kaset ɗaya marar rubutu. Tun yana matashin magidanci, wata rana ya bar rikodar wani tana ɗaukar murya a zauren gidansa don gwaji, ya fita sallar la'asar. Matarsa Mairo ta shigo da fura, ba ta tarar da kowa ba, ta tsaya tana mita ita kaɗai: "Ka ga mutumin nan. An dama fura, shi ya kama gabansa. Audi, Allah ya shirye ka." Sai ta yi dariya, irin ta wadda ta yi ɓarna ba a gani ba.

Shekara talatin da huɗu suka yi tare, Malam take ce masa. Bai taɓa gaya mata ya ji ta ambaci sunansa ba. Bayan rasuwarta, 'yarsu ɗaya tana aure a Zariya, gidan ya yi masa faɗi. Duk Juma'a in an sauko masallaci sai ya buɗe rumfa, ya sa kaset ɗin, ya mayar da shi baya zuwa wurin nan, sau biyu, sau uku. In ya gama ya goge kan rikodar da auduga, audugar ta fito da launin ƙasa, ya yar.

Malam Japheth, Bagwari mai koyar da kimiyya a sakandare, yakan biyo ya zauna a bencin in an tashi makaranta. Wata Juma'a ya tsinci audugar daga ƙasa ya ɗaga ta.

"Baba Audi, ka san abin da kake zubarwa kuwa?"

"Datti mana, Ticha. Ko a makarantarku kunu ake ce masa?"

"Tsatsa ce. 'Yar'uwar wadda kake kankarewa. Niƙa ta aka yi aka shafa a zaren kaset, ita take riƙe murya, kamar yadda lasifikar nan ta riƙe maka sukundireba. Duk saurarawar da ka yi, kaɗan na goguwa."

Audi ya karɓi audugar ya duba.

"Shekara arba'in ina faɗa da ita," ya ce, "ashe ita ke yi mini ajiya."

"Kawo mu juye a waya tun da saura."

"Mairo a waya? Ita da ko gaisuwar Sallah ba ta yarda ta yi a ciki ba."

Juma'a huɗu suka wuce bai kunna kaset ɗin ba. Ya buɗe gwangwani, ya duba, ya rufe. A ta biyar ya aika aka kira Japheth.

Suka ajiye wayar a bakin rikoda. Aka ji ƙarar ƙofar zaure, aka ji an dire ƙwarya. "Ka ga mutumin nan." Sai muryar ta lanƙwashe ta tsaya. Zaren ya naɗe a ciki, daidai wurin da yawan mayarwa ya cinye shi ya yi laushi.

Audi bai yi tunani ba. Hannunsa ya tafi inda ya saba zuwa, ya zaro siririyar sukundireba daga jikin lasifika, ya sa bakinta a ƙarƙashin zaren, ya ɗago shi a hankali, yadda ya yi wa kaset ɗin mutane sau dubu.

"Baba, tsaya!"

Ya riga ya gama. Zaren bai tsinke ba, ko ƙwarzane babu. Aikin gwani. Japheth ya dubi bakin sukundirebar, wata 'yar kusa na maƙale da shi, ya kawar da kai.

Suka sake kunnawa. "An dama fura, shi ya kama gabansa." Sai shiru, ɗan kaɗan, kamar an ja numfashi, daidai inda sunansa yake. "Allah ya shirye ka." Dariya.

Japheth ya fara bayanin yadda maganaɗisun bakin sukundireba ke goge murya a zare, Audi ya ɗaga masa hannu.

"Ta shiga wayar?"

"Ta shiga, Baba. Sai dai wurin nan."

"Bar shi. Dama ba don ni in ji ta kira sunan ba."

Yanzu ranar Juma'a waya yake karawa a kunne. In an zo wurin shirun yakan sunkuyar da kai ya jira. Sukundirebobin suna nan manne da lasifika, ban da siririyar, wadda ba a sake ganin ta a teburin ba. Audugar da Japheth ya tsinta kuwa tana cikin kwalin ashana, a aljihun gaban rigarsa.