Inda Tsamiyarmu Take

Jiya na tuɓe takalmi a bakin gonarmu ta Dakko, sai Baba ya faɗo mini a rai. Shi ma haka yake tuɓewa kullum.

Shekarar da katafila ta baje gonaki don aikin madatsar ruwan Bakolori, iyakarmu ta ɓace, shi kuma ya daina gane mu. Likita a Mafara ya ce ƙwayoyin ƙwaƙwalwarsa ke mutuwa, amma masu riƙe tsohon sani sun fi jurewa. Ban yarda ba sai da na kai shi filin. Ya taka ƙasar mai zafi, ya tsaya cak.

"Malam, nan tsamiyarmu take. In ka ga ɗana, nuna mai."

Na tona, ga saiwa.

Allah Ya haɗa mu inda za ka gane ni, Baba.