Ashanar da Mama Ta Raba a Bomo

Shekaranjiya wani ya ƙona karan dawa a bayan ofishinmu a Samaru, ƙaurin hayaƙin ya mayar da ni Bomo, shekarar da aka yi wa Baba canjin makarantar koyarwa muka taso daga Sabon Gari. Ina 'yar shekara takwas, ɗari ya kama sosai, Mama kuma cikinta ya tsufa.

A Sabon Gari gidan haya muka zauna da Ibo da Yarabawa, kowa da rishonsa, kowa da kwaɗon ƙofarsa. Ka roƙi gishiri sau biyu, a yi da kai a bakin famfo. To, da wannan tarbiyyar Mama ta iso ƙauye.

Kashegarin saukarmu, rana ba ta gama fitowa ba, sai ga sallama. Matar maƙwabcinmu ce, riƙe da marfin tsohuwar tukunya, wai a sam mata wuta. Mama ta ƙyasta ashana ta kunna mata kara. Matar ta zauna, ta tambayi kwanan ciki, ta daɗe kafin ta tafi. Gobe wata ta zo, jibi wata. Tausayi ya kama Mama, a ganinta talauci ne ya hana su sayen ashana. Ranar Lahadi da muka taso daga coci ta sayo ƙunshin ashana guda, ta aike ni gida-gida na raba, ina ta washe baki.

Daga ranar ƙafa ta ɗauke.

Mu gaishe su a rijiya, su amsa a taƙaice su juya. Yaransu suka daina kirana wasan gaɗa. Mama ta rasa gane kan abin. Wata rana ta ce ko don muna zuwa coci ne, wata rana ta ce ko ashanar ce ba ta da kyau. Baba ya ce ta yi haƙuri, halin ƙauye ne, alhali shi ma bai san komai ba. Na sha ganinta tana shafa ciki tana duban ƙofa. Tsoro take ji, ni ma ina ji: haihuwa ta matso, danginta suna Kafanchan, ga shi babu mace ɗaya da za ta kira.

Wata safiya kalanzir ya ƙare, kwalin ashanarmu kuma babu ko tsinke. Hannuna har ya ƙage don sanyi. Mama ta yi ta juyi a tsakar gida, da ƙyar ta miƙo mini marfin tukunya, kunya kamar ta kashe ta. Ta ce in je wurin tsohuwar da ke soya ƙuli-ƙuli a bayanmu, wadda kowa ke kira Iya.

Iya ta dube ni, ta dubi marfin.

"Ashe ku ma wutarku tana mutuwa?"

Ba ta ba ni ba. Da kanta ta ɗebi garwashin, ta biyo ni tana ɗingishi. Ta hura mana murhu, sannan ta juya ga Mama.

"'Yar nan, wa ya ce miki ba mu da ashana? Da kika raba mana, ai cewa muka yi kin gaji da ganin ƙafafunmu. Ke da tsohon ciki, in ba a shigo ɗiban wuta ba, ta yaya za a san kin kwana lafiya?"

Sai hawaye suka zubo wa Mama. Ni kam ban gane ba. Na yi kwanaki ina tambayar kaina yadda kyauta ta zama kora, roƙo kuma ya zama zumunci.

Bayan sati biyu aka haifi ƙanena a hannun Iya. Kwana arba'in matan nan suna karɓa-karɓa wajen dafa wa Mama ruwan wanka.

Yanzu Bomo ta cika da ɗakunan ɗalibai. Mama tana Dogarawa ita kaɗai tun rasuwar Baba, a gida mai katanga da ƙofar ƙarfe. Ni na gina katangar, ni na saya mata tukunyar gas don kada ta nemi komai wurin kowa, kuma na yi alfahari da hakan. Bara santsi ya kwashe ta a banɗaki da safe. Tana nan kwance a ƙasa har la'asar, sai da na taso daga aiki na same ta.