Babban Yatsan Is'haƙa Mai Caji

Ranar da Is'haƙa mai cajin waya ya faɗo daga tsamiyar bakin rijiya, shi ya iso ƙasa, wandonsa ya tsaya a reshe. Matan da ke ɗibar ruwa suka rufe fuska da hannu, yatsu a ware. Shi kuwa bai rufe komai ba, wayarsa ya fara dubawa ko ta tsage. Sabis ɗin Nijar ya hau nema, don lokacin an yanke namu a ƙasar Sabon Birni.

Is'haƙa mutumin wajen Gatawa ne, gajere, kai kamar dutse. Dukiyarsa ɗan janareta ne da allon soket ƙarƙashin rumfa. Wani direban garin Isa ya koya masa mainin, wato danna waya kullum don haƙo kuɗin intanet, a jira ranar da za su fito kasuwa. Tun daga nan babban yatsansa bai huta ba. Matarsa Lubna ta ce tuwo kan sandare a gabansa yana dannawa.

A teburin Faruk mai shayi yake wa'azinsa. Cewa yake abin da aka ƙona wa fetur, aka saya wa data, ba ya yiwuwa farashinsa ya sauka ƙasa da abin da ya ci. In ya sauka, masu haƙa su daina, ya yi ƙaranci, ya sake tashi. Faruk ya tuna masa albasar bara da ta sha taki da ban ruwa, ta ruɓe a kasuwar Isa ba wanda ya taya. Is'haƙa ya ce albasa ba ta da intanet.

Da kaka ta yi, 'yan bindiga suka shigo da hantsi bisa babura, suka tasa mazan gari su girbe musu gero a gonakin da suka ƙwace. Kowa ya san ba a zuwa musu da babbar waya, don mai ita ɗan leƙen asirin soja suke ɗaukarsa. Kowa ya jefa tasa a rumbu. Is'haƙa ya ɗaura tasa a cinya, don in yini ya wuce ba a danna ba, ribar kwanakin da aka jera ana dannawa ta zube.

A gona, Kamalu maƙeri ya gwada gudu. Suka harbe shi a baya, ya kife kan dami, jini ya jiƙa zangarniya. Aka ce a ci gaba da aiki, aka ci gaba. Duk da haka, da rana ta take, Is'haƙa ya tsuguna bayan kara kamar mai fitsari, ya ciro waya.

Gindin bindiga ya same shi a baki, haƙora suka zubo. Suka ja shi a ƙasa suna tattaka shi, suna tambayar wane soja ya kira. Bakinsa cike da jini yake musu bayanin mainin, har da batun fetur da data. Babbansu ya saurara sarai, ya tambaye shi da me ake haƙar. Is'haƙa ya nuna yatsa. Suka danne hannun kan kututture, adda ta sauka kan babban yatsan. Wayar kuma suka farfasa ta da dutse.

A amalanke aka maido shi. Da ya tashi, ya ari waya ya shiga asusunsa, don kalmomin sirrin ya haddace su, shi da karatun allo ya gagara. Ya ci gaba da dannawa da ɗan ali.

Kuɗin suka fito kasuwa bayan sallah. Suka buɗe a ƙasa, suka ƙara nutsewa, har abin da ya tara bai kai shayi da madara ba. Faruk ya tura masa baƙin shayi, ya ce, “To, Malam Is'haƙa, ina gindin hwarashin da ka ce ba ya wucewa? Saida mani, za ni taimaka maka, kahin su koma iska.”

Is'haƙa ya kurɓa ta gefen da ba haƙora, ya shimfiɗa hannunsa mai dungulmin yatsa kan tebur, kusa da wuƙar burodi.

“Wanga hwarashin waɗanda ba su biya komi ba ne,” ya ce. “Ga wuƙa nan. Aje naka yatsan tukuna, sannan mu yi ciniki.”