Tabarmin Gwaggo Asabe

Duk wanda ya zo ta'aziyyar Gwaggo Asabe sai ya ce, Allah ya jiƙanta, mace ce mai gaggawa, ba ta jin shawarar kowa. Na yi shiru ne don ana zaman makoki. Yanzu an yi arba'in, bari in faɗa muku: ba ku fahimce ta ba. Ni 'yar ƙaninta ce, a ɗakinta na tashi, na fi ku saninta.

Na san tabarma ce ta ruɗe ku. Gwaggo ce shugabar ƙungiyar matan Yalwawa masu man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kuma duk Asabar in za a yi taro a tsakar gidanmu, sai ta naɗe tabarmi kaf ta jingine su a bango. A tsaye ake taro, ba mai zama sai an yanke magana. A cewarta, mace in ta samu tabarma da gaisuwa take farawa, ta bi ta kan sunan da aka yi a maƙwabta, har la'asar ba a taɓo abin da ya tara mutane ba. Mataimakiyarta Hajiya Larai, mai ciwon gwiwa, ta taɓa roƙon a ba ta ko da kujera 'yar tsugunno ce. Gwaggo ta ce, "Hajiya, gwiwarki ce agogonmu. In ta fara ƙara, lokaci ya yi."

Gwaggo ba ta wasa da addini, amma in ka ce mata in sha Allahu za a yi, sai ta ce, "In sha Allahu. Wace rana?" Mai gyaran injin markaɗenmu ya yi sati biyu yana juya ta, ƙarshe ya ce Allah ne masanin ranar. Ta ce gaskiya ne, don haka za ta zauna kusa da shi har Allah ya nuna musu ranar tare. Ta sa aka kai mata buhun gyaɗa ƙofar shagonsa, ta zauna tana ɓara. Duk wanda ya kawo gyara sai ta gaishe shi, ta ce ita ma sati biyu take jira. Kafin azahar injin ya tashi.

Ƙaramin buri kuwa haushi yake ba ta. Da matan suka ce a gwada kai kaya shagunan Limawa, sai ta ce inda ƙafa za ta kai ka ai ba buri ba ne. Kafin Hausa za a je, inda ɗaliban jami'a ke jiƙa garin kwaki safe da yamma suna neman ƙuli-ƙuli. Ta tambaya ko akwai mai magana. Shiru. Aka yi kwana huɗu ana suya, ni da ita muka loda robobi a bas. Muka isa muka tarar an yi hutu, awaki ne kawai ke kwance a ƙofar shagunan. Wata guda Yalwawa na cin kwaɗon zogale, har magidanta suka fara cewa sun ci abinci a waje.

To ga abin da ba ku sani ba. Alhamis ɗin makon da muka dawo ta ce in raka ta Limawa, gidan Inna Malama, wata tsohuwa mai koya wa matan aure karatu. Ashe duk Alhamis can take zuwa, mu muna zaton kitso ne. Gwaggon da kuke tsoro ta zauna a ƙasa, ta sunkuyar da kai. Ita Inna ba ta ba da shawara, tambaya kawai take yi. Ta tambaye ta wa ta ji ta bakinsa kafin tafiyar. Gwaggo ta ce kowa, a wurin taro. Inna ta ce shin duk cikin matan ba mai ɗa ko 'ya a jami'ar? Nan take Gwaggo ta tuna. 'Yar Hajiya Larai can take karatu, kuma satinta guda ke nan a gida.

Daga nan gidan Hajiya Larai muka zarce. Da Gwaggo ta ɗago zancen hutun, Hajiya ko a jikinta, ta ce, "Na sani mana, Yaya Asabe. Amma da na faɗa sai an ƙara rabin awa a tsaye, ni kuwa gwiwata ta riga ta fara." Gwaggo ta yi dariya har da hawaye, ta ce agogonta ne ya cuce ta.

Tun daga ranar, duk Juma'a da yamma take bin gidajen matan ɗaya bayan ɗaya. Ta zauna, ta sha kunu, ta ji abin da mace ba za ta faɗa a tsaye ba. Asabar kuma a naɗe tabarma a yanke. Ku Asabar kawai kuka gani. Mun koma Kafin Hausa bayan an tambayi ranar komawa makaranta, kuma har yau ƙuli-ƙulinmu shagunan can ke sayarwa. Ni ma haka ta yi ta gasa ni da tambaya irin ta Inna. In na tambaye ta yadda za a yi, sai ta ce ni me na gani, in yi ta cika ina batsewa.

Tun rasuwarta an yi taro uku, duk a kan tabarma. Ba a zaɓi shugaba ba, ba a sayi gyaɗa ba. Asabar da ta wuce kalar ankon biki aka tattauna, Hajiya Larai har da kishingiɗa. Masu shagunan Kafin Hausa sun kira sau biyu: ɗalibai sun kusa dawowa, in kaya ba su iso ba za su karɓa a wurin wasu.

Gwaggo, Allah ya yalwata miki makwancinki, ya ba ki hutun da kika hana kanki. Allah ya yafe miki, ya saka miki da Aljanna.

Ni dai gobe Alhamis zan je Limawa in zauna a ƙasa. Jibi zan bi gidaje, da gidan Hajiya Larai zan fara. Asabar kuma duk wadda za ta zo, ta shafo man zafi a gwiwa, don na riga na naɗe tabarmin.